Doyar Ƙarfe a Maƙerar Babana

Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Da wannan 'yar ƙara abin ya fara, ranar wata Alhamis bayan la'asar, ina zaune a ƙofar madafa ina tankaɗen garin dawa. Tun da na dawo Ikara kuke tambayata, ku da muka yi makaranta tare, wasu ta wasiƙa, wasu a gidan suna, wai me ya fitar da ni babu maigida, babu tsaraba, har na kwana a hanya. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wadda ta karanta ta miƙa wa 'yar'uwarta.

Da na ɗaga kai sai na ga Ma'u, 'yata ta biyu, mai shekara biyar, durƙushe gaban dutsen niƙa tana buga wani ɗan abu mai ruwan tagulla, tsawonsa bai wuce yatsa ba. Wai so take ta cire masa kai ta zuba kwalli a ciki. Na san inda ta samo shi. Garba ne ya ba ta, ƙanin maigidana, mai noma a Malikanci.

Shi Garba wani makanike ya ba shi mayen ƙarfe, ƙato kamar tafin hannu. Sai ya ɗaura masa igiya yana jansa a bayansa cikin gonaki, duk wani guntun ƙarfe da ke kwance a ƙasa ya maƙale. Kun san al'adar manoma, da bazara sukan tara tsofaffin ƙarafa su kai wa maƙeri ya yi musu fartanya da garma kafin damina ta sauka. To babana maƙeri ne a Kudan, Garba kuwa ya rantse duk ƙasar Zazzau babu garmar da ta kai ta surukin gidansu. Bana ya ja mayensa ta gindin wani dutse da ba a taɓa nomawa ba, ya yi gamo da abin da ya kira sa'a: 'yan tagullan nan a jere biyar-biyar, maƙale jikin wani ɗan ƙarfe, da kuma wata babba da sai da ya sa fartanya ya tono ta. Kamar doya take, duk ta yi tsatsa, da wutsiya mai fukafukai irin ta kifi. Kwana biyu muna tokare ƙofar madafa da ita. Ran Laraba da asuba ya ɗora wa jaki ya nufi Kudan. Ƙananan ya bar wa yara, tunda Baba baƙin ƙarfe yake ƙira, ba ya taɓa tagulla.

Iya, surukata, tana ɗan kishingiɗe, ƙarar ta dame ta. Na ce da Ma'u, "Je ki zaure ki yi ƙararki can." Allah ya yafe mini wannan magana.

Ba a jima ba ƙarar ta ɗauke. Sai ga sallama da ƙarfi, kafin mu amsa mutum ya shigo har tsakar gida riƙe da hannun Ma'u. Baba Saje ne, maƙwabcinmu mai gadin ɗakin shan magani. Kirista ne daga kudancin Zazzau, tsohon sojan da ya je yaƙin duniya a ƙasar Bama ya dawo babu yatsu biyu a hannun hagu. Shekara shida muna maƙwabtaka bai taɓa wuce zaure ba.

Ya ce, "Iya, ki yi mini gafara. Ina aka samo wannan?"

Iya ta jawo mayafi ta ce, "Tarkacen Garba ne. Ai ya ruɓe, Saje."

"Harsashi ba ya ruɓewa, Iya. Jikinsa ke tsufa, wutar da ke ciki barci kawai take yi. Akwai saura?"

Na kwatanta masa doyar. Ban ƙarasa zancen wutsiya ba ya nemi turmi ya zauna a kai. Ya ce lokacin yaƙin Hitila sojoji sun yi atisaye a dajin nan, irin wannan a bututu ake jefa ta, ta tashi sama ta faɗo ta fashe. Wadda ta ƙi fashewa ita ce mugunya, ƙiris take jira. Ya ce, "Yanzu tana ina?"

Na ce, "Tana hanyar maƙera."

Na san babana kamar yunwar cikina. Ba ya hura wuta ran Juma'a, sabon ƙarfe kuwa sai Asabar da hantsi yake sa masa bisimilla. Na kuma san ko wa aka aika ba zai saurara ba. Gidanmu maƙera ne tun kaka da kakanni, sun yarda wuta da ƙarfe ba sa cin ɗan gado. Da idona na sha ganin Baba ya ɗauki garwashi da hannu ya gyara masa zama. Wa zai je ya ce masa ga ƙarfen da ya fi ƙarfinsa? Babu waya a Kudan. Malam, maigidana, malamin gona ne, yana rangadi, ba mu ma san ƙauyen da yake ba.

Na durƙusa gaban Iya. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Tashi ki shirya. In ɗana ya dawo ni na aike ki. Ki tafi da yarinyar, kada a ce matar Malam ta fita ita kaɗai da namiji." Baba Saje ya tsince harsasan a hankali, ya jera su cikin ƙwarya mai yashi, ya kai wa 'yan doka, ya kuma roƙi wani ya riƙe masa gadi.

Juma'a da sassafe muka sami motar katako mai zuwa Makarfi. Rabona da shiga mota tun haihuwar Ma'u. Aka ba mu benci a baya, ni da wata Bafillatana mai ƙwaryar nono, da wani tsoho mai kwandon zabi. Duk ramin da muka faɗa sai nono ya tashi ya sauka a zanena, ita kuwa ta ce, "Sannu, sannu," kamar ni na yi ɓarin. Ma'u ta sa yatsa a kwando, zabuwa ta tsattsage ta, ta yi kuka, tsohon ya lallashe ta da goruba. Ni dai lissafin hanya nake yi a raina: in mun isa Makarfi da azahar, mu sami wata motar, kafin magariba muna Kudan.

Ashe Allah ya tsara nasa. Muna cikin tafiya gabas ta yi baƙi, ruwan fari ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Fasinja suka hau murna, ana ta "Alhamdu lillahi, damina ta zo." Ni ma na yi hamdala, amma zuciyata ba ta tare da bakina.

Daidai inda ƙasar Ikara ta ƙare aka shiga ta Makarfi muka tarar da shinge. Ku na birni ba ku san wannan ba: hanyar marmara in ta sha ruwa akan rufe ta, babu babbar motar da za ta wuce sai ta bushe, don kada taya ta huɗe ta. Mai shingen wani siririn dattijo ne da kaki da ƙaton makulli a wuya. Direba ya sauko yana kumfar baki.

"Haba Baba! An fa sami mulkin kai, Bature ya tafi da dokarsa. Hanyar nan tamu ce yanzu!"

Dattijon ya ce, "Shi ya sa ba zan bari ka ɓata mana ita ba."

Motar duk ta kwashe da dariya. Baba Saje ya je ya ƙame a gabansa, ya sara masa, ya yi masa bayani. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya leƙo ya dube ni, ya ce, "'Yata, ko na buɗe, gaba kaɗan akwai fadama, nan za ku kafe har jibi. Mota ba za ta wuce ba, amma ƙafa ba ta da shinge." Ya ɗaga mana sandar da kansa muka sunkuya muka wuce. Har ya bi mu da guntun mazarƙwaila ya danƙa wa Ma'u.

Tafiyar ƙasan nan ba zan manta da ita ba. Baba Saje ya saɓa Ma'u a wuya yana yi mata lef-rai, lef-rai. Taɓo ya cinye mini takalmi ɗaya, na lalube har gwiwar hannu ban same shi ba, na riƙe ɗayan a hannu ina tafe, ni da kaina ban san amfanin riƙe shi ba. Rana na gab da faɗuwa muka isa wani ƙauye kusa da Nasarawan Doya, gidan Saratu, 'yar ƙanwar Baba Saje, wadda mijinta Bitrus leburan gyaran hanya ne.

Ban taɓa kwana gidan da ba na Musulmi ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, na shiga a ɗarare. Saratu ta dube ni sau ɗaya ta gane. Ta leƙa maƙwabta ta aro buta da tabarmar salla, ta tambayo mini alƙibla, ta kori kaji daga ɗaki. Da na idar ta kawo faten tsaki da yakuwa da gauta, ta ce, "Ci, 'yar'uwa. Babu nama a ciki, tukunyar ma jiya na saye ta." Kunya ta kama ni, don abin da ke raina ke nan.

Abin da ya ba ni mamaki, mata da miji wuri ɗaya suke cin abinci, suna hira, har tana tsokanarsa wai loma tasa ta lebura ce. Mu a gida ai sai Malam ya gama a zaure a dawo da kwano. Kafin su sa hannu suka runtse ido za su yi addu'a. Bitrus, da ya riga ya ji dalilin tafiyarmu, ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Yaya sunan tsohon?" Na sunkuyar da kai, don ban taɓa kama sunan Baba da bakina ba. Baba Saje ya faɗa musu. Ina ji suka ambace shi, suka roƙi Allah ya riƙe hannunsa har mu isa. Ban san lokacin da na ce amin ba.

Da asuba Saratu ta ba ni takalmanta na zuwa coci, sun yi mini yawa, muka cusa tsumma. Bitrus ya sama mana wuri a tifar aikinsu mai zuwa ɗebo marmara. Muka ratsa Makarfi gari na wayewa, ban ga komai ba sai gonakin rake da hayaƙin masu koko. Tifa ta sauke mu a babban titi, daga nan muka bi ayarin wasu masu jakuna da suka sayar da mazarƙwaila za su koma gida. Suka ɗora ni da Ma'u kan wani jaki mai taurin kai, wanda duk ciyawar da ruwan jiya ya wanke sai ya tsaya ya gaishe ta. Rana tana ta hawa. Hantsi ya yi, ya wuce. Na daina addu'a mai tsawo, sai "Ya Hafizu, ya Hafizu" kawai. Kunnena na gaba, ina jiran in ji abin da ba na so in ji.

Abin da na fara ji a bakin gari numfashin zugazugi ne, fuu-fuu, fuu-fuu. Babu ƙarar guduma.

Maƙerar tana nan yadda na bar ta, rumfa a gindin tsamiya. Manoma biyar ko shida na zaune suna jiran aiki. Garba ne ke zuga, ya haɗa gumi. Hayaƙi ya turnuƙe, don ruwan jiya ya jiƙa gawayin, tun safe suke fama wuta ta ƙi kamawa, sai yanzu ta fara ja. Ruwan da na kwana ina jin haushinsa. Baba na zaune kan buzunsa, awartaki a hannunsa na dama, doyar kuwa tana kwance gefen gwiwarsa, tsakaninta da wuta bai fi kamu uku ba.

Kuna tsammani ihu na yi? Ban iya ba. Shekara biyu ban ga mahaifina ba, ga mutane. Na tuɓe takalman Saratu na durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau. A'a, Hajara? Saukar yaushe? Yaya hanya?"

"Lafiya lau, Baba. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Yaya maigidan? Yaya tsohuwa, da ƙafar tata? Ruwa ya sauka wajenku?"

Ina amsawa idona na kan doyar. Sai da ya tambayi kowa, har akuyar da ya ba ni ta aure, sannan ya ce, "To, lafiya dai?"

Na gabatar da Baba Saje. Ya yi bayani tiryan-tiryan, ya ce da Garba ya saki zugazugin. Manoman suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wai za su kama ruwa. Baba ya yi murmushi ya shafa tsatsar da tafin hannu.

"Saje, sannu da ƙoƙari. Kai soja ne, ni maƙeri. Bindigar ma ai mu muka fara ƙera ta. Shekarata hamsin a bakin wuta, ka ga tabo a jikina? Wannan ƙarfe ne mai kyau, garma biyu zai ba ni."

Baba Saje ya ɗaga hannunsa na hagu. "Malam, ɗan ƙaramin ƙaninta ne ya yi mini wannan. Ni ma a lokacin da layu na a damtse."

"Naka saye ka yi. Nawa gado ne." Ya juya. "Garba, zuga!"

Garba ya riga ya kai bayan tsamiya, sai hularsa ake hange.

Baba bai sami ɗa namiji da wuri ba, saboda haka tun ina 'yar shekara bakwai ni ke yi masa zuga, har ranar da aka zo aka rubuta sunana aka kai ni makaranta. Bai hana ba, amma tun daga ranar bai ƙara ce mini "'yar maƙera" ba, sai "'yar boko". Na tashi na zagaya, na zauna inda Garba ya tashi, na kama zugazugin. Hannuna bai manta ba.

Na ce, "To Baba, bisimilla. Tunda na gado ne, ni ma jininka ce. In za ka sa ta, ni zan zuga maka."

Ya dube ni. "Tashi daga nan."

"Ba inda za ni, Baba."

Na bar Ma'u can nesa wajen masu jakuna, na ce su riƙe ta. Ashe ta suɓuce. Sai ganinta na yi ta shigo a guje ta faɗa cinyar kakanta, ƙafarta na shafar wutsiyar abin. Baba Saje ya daskare, ko motsi ya kasa, don kada ya firgita ta.

Ta kama gemunsa ta ce, "Miji, ba ka yi mini oyoyo ba."

Baba ya dubi yarinyar, ya dubi doyar, ya dube ni. Sai ya ajiye awartaki a hankali, ya rungume ta ya miƙe.

Ya ce, "Ni dai ba abin da zai yi mini. Ke ma wataƙila. Amma wannan amaryar tawa 'yar malamin gona ce, ban sani ba ko gadon ya kai kanta." Ya juya wajen Baba Saje. "To soja, yaya ake yi da ita?"

Baba Saje ya ce kada wanda ya ƙara taɓa ta, ko da tsinke. Ba a ɗagawa, ba a ƙwanƙwasawa, ba a jefawa rijiya. Aka janye garwashin da doguwar sanda aka kashe can gefe, aka kewaye rumfar da ƙaya, aka kwashe gidajen da ke kusa, mai gari ya tura mai keke wajen hakimi. Ni kuwa da na shiga gida na ga Inna, mahaifiyata, sai na faɗa jikinta. A nan na yi kukan da na riƙe tun Alhamis.

Kwana huɗu maƙera na rufe, abin da bai taɓa faruwa ba. Ran na biyar sojoji suka zo daga Zariya. Suka duba, suka ce ba ta ɗaukuwa, a nan za su tashe ta. Suka jera buhunan yashi kewaye da ita, suka ja waya mai tsawo, aka kore mu duka har bayan gari. Baba na tsaye kusa da ni, hannu a baya, yana cewa, "Duk wannan don guntun ƙarfe." Sai ƙasa ta motsa a ƙarƙashinmu. Tsuntsaye suka tashi gari guda, jakuna suka tsinke igiya.

Da aka ba mu izini muka koma. Babu rumfa. Reshen tsamiya ya sauko, inda buzun Baba yake zama rami ne. Uwar maƙera da ake dukan ƙarfe a kanta, wadda ƙarti biyu ke ɗagawa, tana kwance a gefe. Baba ya leƙa ramin. Sannan ya je ya kama hannun Baba Saje, na hagun, mai yatsu uku, ya riƙe da hannu biyu. Da la'asar ina shara na ji yana gaya wa mutane a waje, "'Yar maƙera ce ta zo tun daga Ikara."

Kafin mu taho ya kafa wuta a gindin wata bishiyar, ya yi wa Garba garmarsa da sauran ƙarafan, bayan Baba Saje ya duba su ɗaya-ɗaya. Ya ƙera wa Ma'u 'yar fartanya kamar cokali. Muka biya ta wajen Saratu na mayar mata da takalmanta, da wuƙar yanka kuɓewa da Baba ya aiko mata. Malam ya riga mu dawowa gida. Iya ta tare shi tun a zaure, ban san me ta gaya masa ba, ni dai "Sannu da hanya" kawai ya ce mini, ya ƙara da "Allah ya yi miki albarka."

Sojojin sun zo Malikanci daga baya da wata na'ura kamar faifai a bakin sanda, mai riƙe da ita ya toshe kunnuwa yana shara da ita sama-sama. Sun tono wasu a gindin dutsen nan. Garba ya rataye mayensa a rumbu. Don Allah, in yaranku ko mazanku sun tsinto wani ƙarfe da ba ku san kansa ba, ku bar shi inda yake, ku sa alama, ku gaya wa mai gari. Tsatsa ba shaidar mutuwa ba ce.

Shekaranjiya bayan la'asar ina tankaɗe sai na ji ƙwal, ƙwal, ƙwal daga wajen dutsen niƙa. Na watsar da rariya na fita a guje, gari har gira. Ma'u ce, da 'yar fartanyarta. Ta dube ni, ta ɗaga ta sama don in gani da kyau.

"Umma, kada ki ji tsoro. Wannan mijina ya ƙera mini. Na tambaye shi, ya ce babu wutar da ke barci a ciki."